Kwalli Da Launin Ido

Wata ƙanwata ta dawo Filinge daga Yamai da akwatin hodar ido mai launi 12. Wai kowace mace ta duba launin ƙwayar idonta kafin ta zaɓa: mai shuɗin ido ga nata, mai kore ga nata.

Inna ta karɓa ta jujjuya. Ta ce, "Ke ɗiyata, duk ƙasar Kurfai wa ke da koren ido in ba kyanwa ba?"

Gaskiyarta. Idonmu baƙi ne, sai fa in ƙurar hunturu ta taso daga Dallol Boso, ranar kasuwar Lahadi kowa nasa ja wur, har liman.

Inna ta jawo tsohon tandunta, ta rambaɗa kwalli. Akwatin kuwa yana hannun jikoki, suna yi wa ɗan akuya kwalliya.