Maharbi Mai Katifa

Ranar 1 ga Disamba ake buɗe daji a Ghana. Daga 1 ga Agusta zuwa wannan rana hukuma ta hana farauta, don a bar namun dawa su haihu su yaye 'ya'yansu. Akrantiye kaɗai, wanda a arewa ake kira gyazbi, aka yarda a taɓa, shi ma sai da lasin. Da namun dawa na bin labarai, da sun kwantar da hankalinsu game da wani yanki guda na Akra, domin duk ƙasar babu inda ake yi musu barazana da baki kamar majalisun shayi na Nima da Maamobi, kuma babu inda barazanar ke tsayawa a bakin kamar can.

Da iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai kowa ya tuna kakansa maharbi ne. Wannan kakansa ya kashe ɓauna a Salaga, wancan nasa ya shaƙe damisa a hanyar Yendi, wani kuma nasa zaki ke kauce masa a hanya. Ni dai abin da na sani, yawancin kakanninmu fatake ne da mahauta da malamai da sojoji da masu gadi. Malam Amadu Futa ma, da ya kafa Nima, harkarsa ta shanu ce. Da a ce duk maharban da ake lissafawa a majalisa sun rayu da gaske, da ko ɓera bai kai zamaninmu ba. Babban naman da ɗan unguwa ya taɓa kora a rayuwarsa shi ne burgun da ya fito daga babban kwalbatin da ke tsakanin Nima da Maamobi, shi ma ya tsere.

Amma a yi adalci, wasu kan wuce maganar baki. Sukan haɗa kuɗi, a nemi wani mai bindiga da takardarta, a sa rana, a ce za a bi ta Nkawkaw a hau dutsen Kwahu, a shiga jirgin fito a Adawso a haye zuwa Ekye Amanfrom, a kutsa filayen Afram. Masu ƙaramin ƙarfi su ce bayan Dodowa ma daji ne. Daga nan ake shiga abin da ya sa na ɗauki alƙalami, wato haɗa kaya.

Maharbin Bahaushe na asali ba shi da wannan matsala. Kwari da baka, gora, wuƙa, warki, layu, burgami da ɗan ƙuli-ƙuli da goro a ciki, sai kare a baya. In mai dabara ne ya ɗaura kan burtu a goshi, ya durƙusa yana tafe yana sunkuyawa har barewa ta ɗauka tsuntsu ne. Maƙwabtanmu Efutu na Winneba ma sun fi haka sauƙi: a Asabar ta farko ta watan Mayu, ranar bikin Aboakyer, ƙungiyoyin Tuafo da Dentsefo kan shiga daji ba bindiga ba kibiya, su kamo mazo da ransa, su kawo gaban sarki. Ba a taɓa jin ɗayansu ya koma gida don ya manta filo ba.

Namu maharbin kuwa daga kasuwar Kantamanto yake farawa, ya zaɓo jakar goyo ta gwanjo, irin wadda wani Bature ya hau dutse da ita ya gaji ya yar. Tana da aljihu a gaba, aljihu a gefe, aljihu cikin aljihu, kuma a ganin ɗan Zango barin aljihu fayau almubazzaranci ne. Sai a fara ɗura. Buhun ruwan leda guda, ƙulli 30 kowanne rabin lita, kilo 15 ke nan tun ba a sa ko allura ba. Tukunyar gas ƙarama. Katifar 'yan makaranta a naɗe. Filo. Fanka mai caji. Fawa-bank biyu, don wanda ya sha dumso, wato yawan ɗauke wuta, ba ya yarda da guda ɗaya. Sifika mai bulutut. Gwangwanin Milo, madara, sukari, burodi. Farar shadda a goge don hoto. Turare. Jakar goyo takan sallama tun a katifa, sai a ɗauko tsohuwar abokiyar tafiya, jakar nan mai zanen dara da ta yi suna a 1983 lokacin da aka koro 'yan Ghana daga Najeriya. Su sun kwaso rayuwarsu kaf a cikinta. Mu kwana biyu za mu yi, kuma zif ɗin ya ƙi rufuwa.

Sannan Hajiya, matar maharbin, ta shigo da nata.

"Alhaji, ga kular waken nan, na sa taliya da ƙwai da wagashi."

"Hajiya, farauta fa za mu. Nama za mu ci har mu ture."

"To, Allah ya ba da sa'a. Ga soyayyen zabo ma na sa a ƙasa."

Duk gidan babu wanda ya fahimci wannan tafiya kamar Hajiya. Ba ta yi gardama ba, ba ta yi dariya ba, ta dai soya zabo. Bayan Alhaji ya fita kuma ta aika a sayo mata naman miyar jibi a wurin mahauci.

Mai karatu zai ce, to wane ƙato ne zai goya wannan duka ya bi sawun gada? A nan asirin yake. Ba wanda ya zuba kayan ke ɗaukarsu ba. Kowace tawaga tana da yaronta: ƙanin wani, ɗan 'yar'uwar wani, yaron shago, ko ɗalibin da aka ce masa ya zo ya ga duniya. Da an sauka daga mota za ka ji, "Kai, ɗan ƙanena, riƙe min wannan, ba nauyi." Wani ya ƙara masa buhun ruwa a ka, wani ya rataya masa kula a wuya, wani ya soka masa katifa a hammata. Kafin a yi taku ɗari ya koma kamar aboboya, babur ɗin dakon kaya, ranar Larabar kasuwar Nima, ba ka ganin direba sai kaya na tafiya. Alhaji na gaba da carbi da waya, yana juyowa yana cewa, "Yaran yanzu ba ƙwari. Mu a zamaninmu…" Yaro na haki yana cewa, "Haka ne, Kawu." Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mu da muke tausaya wa 'yan kayaye a Makola da Agbogbloshie, har mu girgiza kai mu ce an cuci 'ya'yan mutane, ashe kowa na da nasa a gida, kuma namu ko sidi ɗaya ba a biyansa, sai albarka.

Kada a ɗauka ina cikin masu cewa jin daɗi haram ne a daji. Akwai nauyin da ya ci kuɗinsa, kuma zan tsaya masa ko a gaban Sarkin Zango.

Kayan ataya ne kan gaba. 'Yar butar shayi, ƙananan kofuna na gilashi a naɗe cikin tsumma, ganyen shayin Sin, sukari, ɗan na'a-na'a. Kurfoti ma ba dole ba ne, duwatsu uku da garwashi sun wadatar. Ka ga mutanen da suka yini suna zargin juna, wannan ya ce tarin wancan ne ya kori nama, wancan ya ce ai wayar wannan ce ta yi ƙara. Bari magariba ta wuce, mai haɗawa ya tsuguna, ya ɗaga buta sama ya tsiyayo siririn zare cikin kofi, ya juye, ya sake juyewa, har kumfa ta tsaya rabin kofi. Zagayen farko mai ɗaci, kowa ya kurɓa ya yamutsa fuska ya yi shiru. Kafin na biyu ya sauka an fara dariya. A na uku an yafe wa mai tari, an kuma amince baki ɗaya cewa dabbar da ta gifta da rana, wadda yaro ya rantse akuyar ƙauye ce, mazo ne. Duk kayan ba su fi a zura a aljihun gefe ba, amma in babu su tawagar nan ba za ta dawo a mota ɗaya ba.

Gidan sauro ma haka. Bai kai kilo ɗaya ba, kyauta ma'aikatan lafiya ke raba shi, kuma sauron bakin ruwan Afram bai san Alhaji ba. Abin mamaki shi aka fi mantawa, don yana can gida an kewaye 'yan tsaki da shi. Sai buta, wadda ba a ma tattauna ta. Ɗan Zango zai iya manta harsashi, ba zai manta buta ba, kuma ban ga laifinsa ba. Sai kwalbar yajin shito, da ke mai da busasshen gari abinci. Man kaɗe saboda leɓe da diddige. Safa ta canji. Rigar sanyi, domin wanda ya saba da zafin ɗakin Maamobi bai san abin da asubahin hunturu ke yi a fili ba.

Saura kuwa, a bar wa masu su. Sifika na sanar da kowace dabba daga nan har Donkorkrom cewa baƙi sun iso. Turaren da Alhaji ya fesa, naman da ke rayuwa da hancinsa ya shaƙe shi tun ana cikin jirgin fito. Farar shadda ana hango ta daga nesa, kuma ƙaya na sonta. Fanka takan mutu kafin tsakar dare. Mutumin da ya tuna duk waɗannan, in ka dubi ƙafarsa, silifas ne, a dajin da kububuwa da kasa ke kwance cikin busasshiyar ciyawa. Takalmin kirki ya yi masa nauyi.

Akwai kuma wata 'yar matsala da malaman tawaga ba su son a tayar. A Risala, wadda muka karanta a makarantun unguwa, farauta don wasa makaruhi ce, ta neman abinci ce halal ba ƙaiƙayi. Saboda haka kowa kan dage shi cefane ya fito nema wa iyali. Madalla. Sai dai ban taɓa ganin mai neman cefane da ya kashe kuɗin rago a mota da Milo don ya samo zomo ba. Waɗanda suka tsaya bayan Dodowa kuma sukan so su yi ƙasaru, alhali a mazhabarmu sai tafiya ta kai mil 48, su kuwa ko fitilun Akra ba su gama ɓace musu ba. Sallar ce kaɗai aka ga ya dace a rage wa nauyi.

Ranar dawowa kaya sun ragu, an ci wake, an ci zabo, an sha ruwa, amma jakar nama wayam. Shiga Nima hannu rabbana kuwa ba zai yiwu ba, an riga an sa hoto da bindiga a WhatsApp. A hanyar Kumasi akwai masu ɗaga akrantiye a bakin titi, sai dai tambaya ɗaya ke kashe cinikin: wa ya yanka? Sai a lallaɓa wurin masu kiwonsa a keji, ko a tsaya a sayi zabbi masu rai, a yanka da bisimilla, a yi wa yaro kashedi. Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Wannan karon maratayin ne ke fushi, kuma shi ne zai ba Hajiya labari dalla-dalla tun kafin Alhaji ya cire hula. Ita ma ba ta buƙatar labarin, ta ga shaidar igiya a ƙafar zabon.

Don haka ga roƙona ga shugabannin majalisu, tun daga Nima har Sabon Zango da Fadama. Bana kafin mota ta tashi, a jera jakunkuna a bakin titi, kowa ya goya tasa da kansa, ya taka daga shataletalen Nima zuwa Babban Masallacin Kanda ya dawo. Abin da ya dawo da shi a bayansa, ya tafi da shi daji, ko tukunyar gas ce. Abin da ya sauke a hanya, a mayar wa Hajiya. Yaro kuma a ba shi butar shayi kawai, sannan a fara miƙa masa kofin farko.