Rabe-raben Ɗaliban Ƙasar Hausa a Gaban Sanyin Mosko

Tun daga shekarar 1960, lokacin da aka kafa jami'ar da daga baya aka raɗa wa sunan Patrice Lumumba a birnin Mosko, ɗaliban Afirka ke tururuwa zuwa Rasha neman ilimi, kuma darasin farko da ke tarbar su ba ya cikin manhaja, domin sanyi ne malaminsa. Muku-muku, wato tsakiyar hunturu sa'ad da ake kwana da kaskon rushi, da wuya ya sauko ƙasa da digiri 10 a Kano, alhali a Mosko ma'auni kan zauna ƙarƙashin sifili daga Disamba zuwa Fabrairu, wani lokaci har digiri 20 ƙasa da sifili. Ana iya kasa ɗaliban gida biyar bisa ga yadda kowa ke ɗaukar wannan darasi.

Na farko shi ne Sarkin Musu, wanda hujjarsa ita ce ya yi makarantar kwana a Jos, saboda haka babu sanyin da zai ba shi labari. Yakan fita da shadda mai sitati, da hula zanna-bukar wadda ba ruwanta da kunne, da takalmi sau-ciki mai santsin ƙasa. Ba a ja da shi, domin jiki magayi ne: kafin ya kai tasha kunnuwansa sun daina amsa kira, kuma ƙanƙarar da ta daskare a kan hanya ta riga ta zaunar da shi ba tare da ya yi niyya ba.

Na biyu shi ne Albasa, wanda ya samu sunan daga yawan ɓawo, domin yakan jera singileti biyu, suwaita uku, wando a kan wando, sannan ya rufe da babbar riga ta gargajiya. Abin da ya manta shi ne gidaje da azuzuwa ɗumama su ake yi da ruwan zafi mai bi ta bututu, wanda hukumar birni ke saki idan matsakaicin ma'aunin yini ya yi kwana 5 a jere ƙasa da digiri 8. Da ya shiga jami'a sai gumi ya karyo masa, ya nufi gardarob, wato wurin ajiye rigunan sanyi a bakin ƙofa, inda dattijuwar da ta saba ba da lamba ɗaya a kan riga ɗaya take tsayawa tana kallon tsibin kaya kamar an buɗe dila a kasuwar gwanjo.

Na uku shi ne Kunkuru, wanda ke janye kai cikin bargo tun Nuwamba, ya jingina da batareya, wato ƙarfen ɗumama ɗaki da ke ƙarƙashin taga, a kansa yake shanya safa, a kansa yake ɗumama tuwon jiya. Malamansa sun san sunansa a takarda, fuskarsa kuwa sai Afrilu.

Na huɗu shi ne Boka, wanda ya taho da citta da kanumfari da masoro da tafarnuwa fiye da littattafai, kuma kowace cuta a wajensa sanyi ne ya shiga, maganinta shayi mai yaji. Shayin yana da daɗi, amma kasala da ciwon gaɓoɓi da wasu ke kuka da su kan samo asali daga ƙarancin bitamin D, wanda fata ke haɗawa da hasken rana, kuma baƙar fata ta fi buƙatar rana kafin ta haɗa shi. Da an kawo wannan zance sai Boka ya ƙara citta.

Na biyar shi ne Mai Lissafi, wanda shi kaɗai ke murna da Disamba, domin ya gano cewa rana kan fito wajen ƙarfe 9 ta faɗi wajen ƙarfe 4, don haka a watan yake rama duk azumin da ake bin sa, har ya ƙara da na Litinin da Alhamis. Ya haddace hukuncin shafa a kan huffi fiye da darasin da aka turo shi ya karanta. Sai dai Yuni yana jiran sa da yini mai fiye da awa 17, a nan kuma ba a jin duriyarsa.

Dukansu sukan kai bazara, amma wanda ya fi kaiwa da lafiya shi ne ɗalibin da ba ya cikin jerin, wanda tun makon farko ya tambayi 'yan gari abin da suke sawa, ya sayi riga mai kauri guda ɗaya, da takalmi mai riƙe ƙanƙara, da hular da ta san darajar kunne. Matambayi ba ya ɓata, a Mosko kuwa ba ya daskarewa.