Agogon Baba Maigadi

A ƙananan masaukan baƙi akan manna takarda a bayan ƙofa: ana kulle get ƙarfe 10 na dare, ba a girki a ɗaki. Babu mai karanta ta. Ƙarfe ɗaya Alhaji zai dawo daga cin tsire, ya danna hon.

"Ranka ya daɗe, an kulle."

"Haba Baba, baƙonka fa annabinka!"

Da ɗari biyar ta leƙo ta tagar mota, sai agogon Baba ya koma tara da rabi. Mai risho a ɗaki kuwa rantsuwa yake yi ruwan alwala yake ɗumamawa, alhali ƙamshin wake da shinkafa ya isa har ofishin manaja, manajan ma ya aiko da kwano.