Masu Rataye Keke a Ƙasar Magarya da Dungas

A Faris ko Tokiyo, wanda ya kafa ƙugiya a bango ya rataye kekensa kai sama, ƙuncin ɗaki ne ya sa shi, don can kowane taku na daɓe kuɗin haya ne. A Magarya da Dungas kuwa tsakar gida ɗaya sai ta ɗauki rumbu da turken awaki da amalanke, har a samu wurin shimfiɗa tabarma. Duk da haka ana rataye keke, kuma in ka bi diddigi, kusan kowane mai ratayewa akwai wanda yake ɓoye wa.

Ɗan ci-ranin da ya dawo daga Kano da babbar waya ne kaɗai ba ya ɓoyon komai, shi so yake a gani. Ya kalli bidiyo, ya je maƙera aka lanƙwasa masa guntun rodi, ya zo ya doka a bangon ƙasar da kakansa ya gina. Bidiyon bai gaya masa cewa keken Baturen da ke ciki yaro ma ya ɗaga shi da hannu ɗaya ba, alhali Phoenix ɗin China ƙarfe ne zalla, kusan kilo 20 tun ba a ƙara masa kariya ba. Rani ya wuce lafiya. Ran da ruwan Agusta ya jiƙa bango, da tsakar dare aka ji rugum! Keke ya sauko da ƙugiyarsa da ɓarin tubali, bisa randar uwar gida. Da safe ya ce maƙeri ne bai iya aiki ba. Ko yaron magini ya san ƙugiya a azara take zama ko a bulon siminti, kuma sai an naɗe ta da tsohon tiyub kada ta ƙarje ƙarfen taya, amma wa zai koya wa wanda ya ga Kano?

Sai mai gudun aro. A ƙauye, keken da ke jingine a zaure na kowa ne: mai kai niƙa, mai zuwa ta'aziyya Dogo-Dogo, ɗan lakwal da ya makara. Hana ɗan ƴar'uwa aro ƙiri-ƙiri kuma abin kunya ne. Shi ya sa wannan ya ɗaure nasa da igiya can ƙololuwar ɗaki, inda sai an taka turmi.

"Kawu, Inna ta ce ka ara mini keke in kai niƙa."

"Ai ga shi can, ɗana, wa zai hana ka? Sai dai bayan nan nawa, tun jiya ban iya miƙa hannu. Kuma ina jin tayar baya ta sace."

Ba da kanta ta sace ba, bawul ɗin yana aljihun Kawu tare da goro. Yaro ya ɗora ƙwarya a ka ya tafi a ƙasa. Ran Alhamis da asuba bayan Kawu ya warke sarai, ga shi can ya miƙi hanyar kasuwar Maigatari.

Wanda ban iya yi wa dariya sosai shi ne dattijo mai Raleigh. Da kuɗin gyaɗa ya saye shi, zamanin da ƙasar Magarya ke cika buhunan SONARA, kamfanin gyaɗar da aka kafa a 1962, kafin farin 1973 da cutar gyaɗar 1975 su karya wannan arziki. Har yau akwai ragowar ledar da ya naɗe masa jiki da ita. Keken yana reto a azara kamar amaryar da aka manta a lalle, zanzaro ya yi gini a ƙarƙashin sirdi. Jikoki yake ɓoye wa, don ya san ba hawa suke so ba, ƙarfen taya suke hari, su cire wayoyin su yi gare-gare. Jajiberin Salla ake sauko da shi, a goge, a ɗiga wa sarƙa mai, ya kaɗa ƙararrawa sau biyu, ya ba da labarin kuɗin da ya saye shi, a mayar.

Uwar gida ba ta damu da dalilin kowa ba, ita maratayi ta samu. Kuɓewa a kan keke, tsumman tuwo a feda, ƙullin daddawa a kariya inda ɓera ba ya kai. Mai gida in zai fita sai ya nemi izini.

Akwai kuma ɗan bakin iyaka, mai bi ta wajen Tinkim zuwa Babura, wanda in ka yi masa zancen ƙugiya sai ya dube ka sheƙeƙe. Nasa keken da kaya yake kwana, buhu a tsakiya, jarkoki dama da hagu. Shekara da shekaru bai zauna a sirdi ba, turawa yake cikin rairayi, feda ɗaya ma ta faɗi bai lura ba.

Sabbin shiga su ne masu babur. Sun jefa keke bisa rufin kwano ran da suka sayi mashin, suna ce masa abin yara. Da Tinubu ya cire tallafin fetur a Najeriya ranar 29 ga Mayu 2023, kwalbar ƴan ruwa-ruwa ta yi tsada har wannan gefen iyaka, sai ga su suna aron tsani bayan magariba kada maƙwabta su gani. Rana ta cinye taya, tsatsa ta kama sarƙa.

Duk waɗannan wurin mai faci suke ƙarewa, shi da ke rataye keke a reshen dogon yaro don ya juya taya ya ga inda ta karkace. Ba ya ƙaunar masu ratayewa, don keken da ke sama ba ya taka tsidau, shi kuwa da tsidau yake cin tuwo. In aka turo masa na bisa kwano sai ya latsa taya, ya girgiza kai, ya ce, "Alhaji, wannan ya wuce faci. Da sefa za ka biya ko da naira?"