Ardo Ya Yi Hayar Ruga Mai Taya

Ardo, bawana na gado, labarinka ya iso Maiduguri tun kafin ka murza makulli. Wai ka yi ritaya, kuma abin da ya fara faɗo maka a rai shi ne ka yi hayar motar nan ta Amurkawa mai gado da kicin da bayi a cikinta, ka ɗauki Hajiya daga Maryland ku nufi gandun dajin Yellowstone. Ko kaɗan ban yi mamaki ba. Shekara talatin kana ɓoye jinin yawo a ƙarƙashin kwat, ranar da ofis ya sake ka sai ga shi ya motsa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Abin da ya ɓata mini rai, ka zubar wa sana'ar gidanku mutunci. Kakanka Jauro idan zai tashi, takarkari guda ya ishe shi: a ɗora tabarmi da ƙore, a kaɗa shanu, ko anini ba ya ba kowa sai jangali, shi ma sai an kamo shi a bayan tsauni. Kai kuwa kuɗin kwana daban, na kowane mil daban, inshora daban, hatta tukwane da barguna haya ne. In dare ya yi kuma ka biya wurin da za ka faka, wanda a lokacin zafi sai an kama shi tun watanni kafin a zo. Bafulatani ke nan da ke biyan jangali ba shi da ko maraƙi.

Takarkarin Jauro ciyawar Allah yake ci. Naka kuwa galan ɗaya na fetur mil goma zai kai ka, in ya ji tausayinka. Tafiyar ta haura mil 2,000, kamar ka tashi daga nan ka je Legas ka dawo, wato galan 200 zuwa kawai. Ina ma ina tsaye a gidan man farko in ga fuskar mutumin da ke cin goro ɗaya kwana uku.

Amurka ma ta yi sakaci, da ta yarda lasisin ƙaramar mota ya isa a tuƙa abu mai tsawon ƙafa 30. Kai da in za ka yi ribas da Corolla sai yaran unguwa uku sun tsaya suna "taho, taho". Don Allah rubuta tsayin motar ka manna kusa da sitiyari, ya kai ƙafa 12, kada wata gada ta aske maka rufi ku ƙarasa tafiyar kuna kallon taurari kamar a mashekari.

To, mu zo kan maganar da ka ɓoye mini. Motar nan tankin ƙazanta biyu gare ta, ɗaya na ruwan wanka da wanke-wanke, ɗaya na bayi, kuma babu mai kwashe maka. Kai za ka sa safar hannu, ka durƙusa, ka jona tiyo a ramin da aka tanada, ka fara buɗe na bayin, sannan na wankan ya biyo ya ɗauraye tiyon, ga wani tsohon Bature a bayanka yana jiran layi yana ba ka shawara. Kai, Ardo! Mutumin da kunya ta hana shi faɗin sunan ɗansa na fari yau shekara arba'in. A nan zan ga inda fulakon ya tsaya. Ka dai ɗaure bakin tiyon da kyau. Sauran bayanin na bar shi saboda darajar Hajiya.

Babban tsorona shi ne baunar can. Dubbai ne a dajin, kuma na san ka: da ka hango garke za ka taka birki, ka sauka da sanda a kafaɗa ka fara ƙirga. Ba sa jin Fulatanci. Namiji yakan kai kilo 900, ya ninka ka gudu sau uku ko kana saurayi, kuma babu dabbar da ta kai su raunata baƙi a wurin. Doka ta ce yadi 25 tsakaninku. Ga dabbar beyar kuwa yadi 100, kuma hancinta ba zai rasa kilishin da ka cusa ƙarƙashin filo don kada Hajiya ta gani ba.

Na ji ka sayi katin tsofaffi na dala 80, wanda ke shigar da mai shekara 62 gandayen gwamnati har ƙarshen rayuwa. Da shekarun gaskiya aka bi ba na takarda ba, ai da tun zamanin Obama ka karɓa.

Amma dai ka burge ni, ɗan nema, mu nan ritayarmu a kan benci a ƙofar gida take ƙarewa. Akwai wani gado a saman kujerar direba, kada ka tara masa kaya. In biza ta fito nawa ne, don ubangida ba ya tuƙi, kuma ba ya taɓa tiyo.