Sannu da Ƙoƙari, Birni

Duk wanda ya ce manyan birane ba su san da zaman mutanen Adar ta Nijar ba, bai yi musu adalci ba. Abijan ta san garin Tamaske sarai, Legas ma ta sani, haka Kwatano da Duwala. Da an yanke hatsi an zuba a rumbu, sai motoci su cika maƙil, a kwashe duk mai jini a jika, a tafi biɗa. Birni ba ya ɗaukar tsoho, ba ya ɗaukar gajiyayye, sai wanda ƙashinsa ya yi ƙwari. Ƙauye ya shayar, ya yi jinyar ƙyanda da zazzaɓi, ya ciyar har yaro ya isa, birni ya zo ya karɓa ko dala bai biya ba. Ai wannan karramawa ce. Wa ake zaɓa in ba mai daraja ba?

Mata ne suka fara morar alherin. A 1984, cikin tsakiyar fari, Italiya ta kawo kuɗin furojen Keita don a raya ƙasar da zaizaya ta cinye. Da aka nemi majiya ƙarfi sai aka tarar birni ya riga kowa. Mata suka ɗauki duwatsu a ka, goyo a baya, suka jera su a kan fako, suka haƙa ramuka, aka dasa miliyoyin itatuwa, ladan yini kuwa abinci ne. Har yau ana ta taro a manyan otal kan yadda za a ɗaukaka matsayin mace. Birni ya gama wannan aiki tuntuni ba tare da taro ba: ya ɗauke mijin, ya bar mata gona da rijiya da suruka da bashin mai kanti, ta zama shugaba.

Can kuma, sana'a sai wadda mutum ya zaɓa. Akwai shayi, akwai yankan farce, akwai turin baro, akwai garba, abincin rogo da soyayyen kifi da ƴan Nijar suka yi suna da shi a Abijan. Mai rabo ya samu gadi, ya kwana a bakin ƙofar gidan da bai taɓa ganin falonsa ba, yana shan iska kyauta, mai gida na ciki a takure.

Abin da ya fi burge ni da birni shi ne son zumunci. Ba ya yarda baƙo ya daɗe bai ga iyayensa ba. A 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su je gida gaisuwa. A 1983 Shehu Shagari ya maimaita wannan karamci a Najeriya, sama da mutum miliyan ɗaya suka amfana. A farkon 2024, Kodibuwa na cikin shagalin gasar kofin Afirka, aka rushe unguwannin Gesco da Boribana a Abijan domin a kare mazaunansu daga ambaliya, kuma gaskiya ruwa ba ya cin gidan da babu shi. Daga nan aka hana talla a manyan tituna, da bara, da amalanke. Aljeriya ta fi kowa ladabi, har rakiya take yi: ta kawo mutum bakin iyaka ta sauke, ya ƙarasa kilomita 15 a ƙasa cikin rairayi zuwa Asamaka.

Kada a ce na ƙetare kaɗai na yaba. Yamai tamu ma ta tashi tsaye, ta ce ba za a bar ta a baya ba. A 2016 aka share rumfunan ƙananan ƴan kasuwa daga bakin tituna, idon baƙo ya huta. Aka yi gadojin sama, aka gina otal ɗin Radisson Blu, shugabannin Afirka suka zo taronsu na 2019 suka ga abin mamaki. Gagarabadau kuwa shi ne layin dogo daga Yamai zuwa Doso, kimanin kilomita 140. Jirgin da ba ya jigilar kowa bai taɓa makara ba, bai taɓa kaɗe akuyar kowa ba. A nuna mini irinsa a Faransa.

Yanzu birnin da kansa ya fara zuwa mana. A gefen gari, inda dā gero ke fitowa, ga gidajen siminti da rufin kwano da ƙofar ƙarfe, irin waɗanda aka gano a Legas. Maginan laka sun rasa magada, an huta da soro mai sanyi irin na mutanen dā. In watan Afrilu ya kama, mai gida ya shimfiɗa tabarma a waje yana kallon ginin da sha'awa. Wannan ma in yana gari ke nan, don galibi kwaɗo ne a ƙofar sai Sallah. Ba na musun kuɗi na zuwa: buhun shinkafa, waya, babur, har masallaci. Alhazan da suka dace kowa ya san sunansu. Wanda ya dawo da tari, da wanda matarsa ta gaji da jira ta je wurin alƙali, ba sai an ɓata lissafi da su ba.

Saboda haka ina roƙon hukuma ta toshe kunne daga masu cewa a ƙara madatsun ruwa a Keita da Buza da Madawa, a yi wuraren ajiyar albasa don kada manomi ya sayar da ita a wulaƙance ranar da ya cire. Ƴan baƙin ciki ne. In samarin Tamaske suka samu abin yi a gida duk rani, wa zai yi wa attajiran unguwar Kokodi ta Abijan gadi? Jama'a, a ji tausayin Kokodi.