Dokar Kwaleji da Dokar Hajiya

Duk ɗalibin da ya tashi daga Kano ko Zariya ko Sakkwato zuwa ɗaya daga cikin kwalejojin nan na Ingila masu tara 'ya'yan ƙasashen duniya su shirya su shiga jami'a, da kundin dokoki biyu yake sauka. Na farko kwaleji ce ta turo, shafuka tuli, Alhaji ya duba inda aka rubuta kuɗin makaranta, ya yi salati, ya sa hannu a shafin ƙarshe. Na biyu ba a rubuce yake ba. A filin jirgin Malam Aminu Kano ake karanta shi da baki, Hajiya na share hawaye da gefen mayafi: a riƙe salla, a guji abokan banza, kada a dawo mana da Baturiya, kada a ba mu kunya.

Tun a filin jirgin Hitiro dokokin biyu ke fara karo. Birtaniya ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga ƙasashe irin Najeriya. Hajiya kuwa ta rantse ɗanta ba zai ci naman da ba a san wanda ya yanka ba, don haka ta naɗe kilishi da dambun nama da kwalbar man shanu a cikin sabuwar shaddarsa ta Salla. Karen kwastam bai san darajar shadda ba. Yaro na ji yana gani za a wuce da guzurin wata shida, a bar shi da kuka da yaji da daddawa, waɗanda su ma suna da tasu shari'ar a gaba.

Babi mafi kauri a kundin kwaleji shi ne na gobara, kuma suna da hujja. A 1666 wuta ta tashi daga gidan wani mai gasa burodi a Landan, ta lashe gidaje sama da 13,000. Mutanen da burodi ya taɓa cinye wa birni ba za su yi wasa da tukunyar kowa ba. Saboda haka ba kyandir, ba girki a ɗaki, ba tokare ƙofar da aka yi don tare wuta, kuma a kowane rufi an liƙa na'urar da ke shinshinar hayaki dare da rana.

Wannan na'ura ba ta san al'ada ba. 'Yar Maiduguri da ta kunna turaren wuta don ɗaki ya yi ƙamshin mutane, da ɗan Kano da ya bar manja a wuta har ya washe, duk hukuncinsu ɗaya. Ƙararrawa za ta ɗauka da tsakar daren Janairu, kowa ya fito filin ajiye motoci: ɗan Sin, ɗan Kazakistan, 'yar Birazil, cikakken zaman Majalisar Ɗinkin Duniya da rigunan barci, haƙora na kaɗawa. Mai laifi zai fi kowa tambayar wane mara imani ne ya yi wannan, alhali ƙamshin miya na bin sa duk inda ya juya. Washegari wani ɗan gida da ya riga shi zuwa zai ba shi shawarar ya sa wa na'urar safa. Shawarar nan ita ce hanya mafi sauri zuwa ofishin ladabtarwa, da tara a kai.

Sai babin shekaru. A dokar Ingila duk wanda bai cika 18 ba yaro ne. Ga saurayi mai 17, wanda a gida shi ke riƙe shagon mahaifinsa a Kantin Kwari in an tafi Umara, har gwaggonninsa sun fara yi masa sha'awar 'yar wane. A can sai ya rubuta sunansa kafin ya fita, ya dawo kafin lokacin rufe ƙofa, in zai kwana a waje sai an nemi izinin iyaye. Ya je kanti sayen wuƙar yanka albasa, mai kanti ya nemi katin shaida ya hana shi, shi da ya feɗe ragon layya bara shi kaɗai.

Lokaci ma doka ne. Ƙarfe tara a can tana nufin ƙarfe tara, ba bayan an karya an gaisa da maƙwabta ba. Ana ɗaukar sunan wanda ya zo aji, kuma kwalejin da ta tsaya wa ɗalibi ya sami biza wajibi ne ta sanar da Ma'aikatar Cikin Gida in ya daina zuwa. Aikin neman kuɗi kuwa awa 20 ne a mako ga mai karatun digiri, awa 10 ga wanda bai kai nan ba. 'Yan uwa a gida ba su san wannan lissafi ba, su dai sun san fam nawa ne a naira, kuma akwai suna ranar Asabar. Zumunci ma sai an yi hattara. Ka ba ɗan garinku aikinka na aji ya duba ya ɗan sassauya, kwamfuta ta gano, a kira ku biyun gaban kwamiti. Wanda ya bayar da wanda ya karɓa duk kanwar ja ce.

Daga sha ɗayan dare ana son shiru, daidai lokacin da Hajiya ta gama hidima ta kira ta bidiyo. Za a miƙa wayar hannu zuwa hannu, daga Baba ƙarami har mai gadi, kowa da ƙarfin muryarsa saboda Ingila da nisa. Ɗan Japan da ke maƙwabtaka da shi, ba tare da ya yi niyya ba, yanzu ya san amsar "ya sanyi?"

Amma akwai babi ɗaya da kowa ke tsallakewa, ɗalibi da iyayensa: na kula da damuwar ɗalibai. A Disamba rana na faɗuwa a Landan kafin ƙarfe huɗu, har hukumar lafiyarsu na ba mutane shawarar shan bitamin D a watannin hunturu. Yaron da ya tashi a gidan mutum talatin ya wayi gari a ɗaki shi kaɗai, ba mai yi masa sallama. Kwaleji ta ware ofis da ma'aikaciya don wannan, kyauta, da kujera mai laushi da kwalin hankici. Ta tambaye shi yadda yake barci, yadda yake ci, ko yana da abokai. Ya ce komai lafiya lau, ya tambaye ta iyali, ya fita ya koma ɗaki ya ja bargo.

In ya yi ƙarfin hali ya faɗa a gida, amsar a shirye take. "Kaɗaici? Kai da ke Landan? Ka gode wa Allah, ka san abin da babanka ya sayar kuwa?" Sai ya sa rigar sanyi mai kyau, ya tsaya gaban jar bas, ya yi murmushi, ya tura hoto zauren dangi na WhatsApp, a yi ta masha Allah. Na'urar rufi na kama hayaƙin manja cikin daƙiƙa, yaro kuwa zai yi wata uku yana ƙuna ba wanda ya ji ƙauri.

Wanda Allah ya taimaka ya bi dokokin nan har suka shiga jikinsa, sabuwar matsala na jiran sa in ya zo hutu. Zai tambayi inda tukunyar kashe gobara take a gidan. Zai je walima a lokacin da aka rubuta a kati, ya taya masu haya sauke kujeru. Abin da ya fi tayar wa dangi hankali, zai ga ƙanwarsa ta yi shiru ya ce, "Me ke damunki?" kuma ya zauna yana jiran amsa. A daren nan gwaggonni za su yi shawara, a aika wa malam ya fara rubutun sha.